An Sake Hana Mu Taron Nakiya

Talata, bayan lisha

An sake hana ƙungiyarmu taro. Wata biyu muna shirin tara direbobin da ke bin hanyar garin Difa mu nuna musu alamun nakiyar da ake binnewa. Mutumin biro, ofishin da ke ba da izinin taro, ya turo mini takardarmu ya ce, "Madam, maganar nakiya yanzu zubar da mutuncin gwamnati ce. Ku dakata." Lokacin da jam'iyyarsu ke adawa, shi ke zama layin gaba a taronmu.

Yaya Habu, wanda nakiya ta tashi da kamiyonsa na kaya har ya rasa ƙafa, sati guda yana haddace jawabinsa. Da na gaya masa, ya ce, "Zara, ƙafata ma sai da izini zan yi maganarta?"

Tuwon dare ma na kasa ci.