Robar da Ta Ci Hannun Isuhu

Zuwa ga Alhaji Mudi, mai shagon kayan roba a Xiaobei, jagoran 'yan kasuwar garinmu a Guangzhou.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da tumbin. Ni ce Hajiya Kande, ƙawar kakarka marigayiya, wadda ta zo unguwar Panyu, nan Guangzhou, wankan jegon jikarta. Tun kana yawo ba wando nake ce maka mijina. Yau na sa wasiƙar nan a zauren 'yan kasuwa na waya, kowa ya shaida na fasa auren.

Na farko. Ranar sunan jaririyar jikata, gaban maza da mata, na ce maka robar nan mai sheƙi da kake aika wa 'yan sa-kan garinmu, suna sa wa mariƙin ƙananan bindigoginsu, santsi gare ta. Ka yi dariya har hularka ta karkace. Ka ce kaushi da santsi duk ɗaya, harsashi ke aiki ba mariƙi ba, tsohuwa ta tsaya kan muciyarta. To, na tsaya. Tun ba a haifi uwarka ba nake tuƙa tuwo, kuma ko muciya in ta yi sulɓi sai na kankare ta da wuƙa.

Na biyu. Mudi, a ina ka taɓa riƙe bindiga? A ƙasar nan ko ganinta ba ka yi sai a ƙugun ɗan sanda. Na bincika yadda ka gwada kayanka. A mariƙin lema ka sa ta, cikin ofishin laoban, mai masana'antar, sanyin na'ura na kaɗa ka, da hannun nan naka mai laushi kamar na jaririyar da nake wa wanka. An nuna maka mai kaushi, ka ce ba ta kyau a hoto. Kai da kake zaune a garin da bango ma yake gumi, ka manta hannun mutum yana jiƙewa.

Marigayi mijina na gaskiya maharbi ne. Ni nake naɗe masa mariƙi da fatar akuya, gefen kaushin a waje, don hannun da ya tsorata zufa yake yi. Ban da wannan, mutanenmu sau biyar a rana suke alwala. Ko ka daɗe ba ka jiƙa naka ba?

Na uku, kuma nan ba wasa. Daminar bara ɗana Isuhu ya kwance fatar da na naɗa masa da hannuna, ya sa robarka, don daga Chana ta zo kuma Alhaji ne ya aiko. Da la'asar yana gona, ya idar da alwala ke nan, ɓarayin shanu suka ɓullo daga cikin dawa. Ya zaro bindiga, ta sulluɓe kamar tarwaɗa, ta faɗa laka. Yana sunkuyawa suka same shi a kafaɗa. Ya rayu, alhamdulillahi. Hannun dama kuwa lilo yake yi. Magidanci mai 'ya'ya, yanzu da hagu yake cin tuwo, in an yi baƙi ya shige ɗaki ya ce ya ƙoshi.

Ka aika masa da saƙon murya, ka ce ƙaddara ce. Na yarda ƙaddara ce. Amma a cikin kwalinka ta zo.

Yanzu na ji wani kwalin zai shiga kwantena mako mai zuwa, kuma Haruna, ƙanen Isuhu, yana cikin masu jira. 'Ya'ya maza biyu gare ni, hannun dama ɗaya ya rage a tsakaninsu. Ba zan ba ka shi ba.

Ga abin da nake nema. Ka fitar da kwalin nan. Ka yi magana da bakinka, da irin muryar da ka yi mini dariya da ita, ka ce wa mutanen gida su cire wadda ke hannunsu. In kuwa har yanzu kana kan bakanka, ranar Juma'a bayan an sauko, ka same ni a gidan abincin da ke ƙasan shagonka. Na riga na sa wa muciyata robarka. Za ka yi alwala gaban jama'a, ka riƙe ta da duk ƙarfinka, ni tsohuwa mai ciwon gwiwa in ja da hannu ɗaya. In ta zauna a hannunka, zan ba ka haƙuri a wannan zauren. In ta fita, kwalin ya fita.

Allah ya ba ka cinikin halal, ya rage maka tumbi, ya tsare maka hannun damanka, kada ya nuna maka ranar da za ka ɓuya don cin tuwo.

Ka zo da butarka. Ruwan ni zan kawo.

Wassalam.

Tsohuwar matarka,
Hajiya Kande, Panyu