Kujerar Mutaru

Al Khabaisi, Dubai
Satumba

Yaya Mutaru,

Assalamu alaikum. Ya jikin? Ya Anti Hamamatu da Nafisatu, ya mutanen Kumasi? Allah Ya ƙara sauƙi.

Na kira ka har na gaji. Wayar tana shiga ba ka ɗauka, sai daga baya in ga saƙo wai kana lafiya. To tunda rubutu kake so, ga rubutu.

Albishirinka. Ka tuna matar nan 'yar Labanan da ke zama kusa da gangunanka a gidan abincin otal ɗin da muke kiɗa, wadda ka ce shayinta kullum sai ya huce ba ta sha ba? Ashe tana cikin masu shirya bikin kiɗan jaz da ake yi a bakin ruwa cikin Janairu. Jiya ta biyo ni har ofishin aika kaya na Kawu Halliru, ta same ni tsakanin kwalayen takalma ina gumi. Ta ce suna so mu hau dandamali mu uku: ni a fiyano, Osmani a bes, gogen Turawan nan mai kaurin murya, kai a ganguna. Kuma ba kiɗan wasu za mu yi ba, namu ne da muka ƙirƙira, za su naɗa shi ya zama faifanmu na farko.

Da na gaya wa Osmani, rungume ƙaton bes ɗin nan nasa ya yi yana surutu da Sifaniyanci. Ya ce tun da ya baro Kiyuba yake kaɗa wa masu cin abinci kiɗan da ba sa saurara, sai yanzu da furfura ta cika masa kai za a zauna don a ji shi.

Wanda matar ta fi so shi ne "Lungun Naif". Ta ce wurin nan na tsakiya, inda kiɗan Kiyuba yake tafiya sai ka juya shi ya koma kiɗan bikin Zangon Kumasi ba tare da mutum ya san yaushe aka juya ba, shi ya hana ta barci.

Tun da ka faɗi a wurin aikin gadi a watan Afrilu, mu biyu muke yi, kuma wallahi ba daɗi. Gangunanka suna nan a sito, na lulluɓe su da bargo. Likitan nan ya ce hannun zai dawo in ka huta, ga shi ka huta. Yalla, maza faɗa min, yaushe za mu nemo maka biza?

Ƙaninka,
Abdulganiyyu

*

Kumasi
Oktoba

Ganiyu ɗan Kano,

Wa alaikumus salam. Chale, abokina, wannan labari ya yi daɗi! Na karanta shi har sau uku, Nafisatu tana tambaya me ya sa babanta yake dariya shi kaɗai.

Jiki alhamdu lillahi. Hannu yana zuwa ƙanana ƙanana. Kullum da safe ina motsa shi, ina cin tuwon Hamamatu, har na yi ƙiba, sai kun canza min kujera mai faɗi. Zancen waya kuwa, ka san layin unguwarmu, in ka yi magana yau sai gobe a ji ka. Mu ci gaba da rubutu.

Ka gaya wa matar nan ta sa sunana. Mutaru Abdul-Wahab, da manyan baƙaƙe. Kada ka kuskura ka ɗora kowa a kujerata. Na san Usmanu ɗan Kiyuba, ba shi da haƙuri, zai ce a nemo wani. Ka ce masa ni na koya masa cin yaji, ya jira ni.

Kai kuma ka rage gudu a hannun hagu. In murna ta kama ka sai ka riƙa tsere kamar mai bin motar haya a unguwar Naif. Fiyano ba tasi ba ce.

Biza ku dakata tukuna, akwai wasu 'yan abubuwa na gida da zan ƙarasa. Zan faɗa maka lokaci.

Gai da Kawu Halliru. Medaase, na gode.

Yayanka,
Mutaru

*

Al Khabaisi
Nuwamba

Yaya Mutaru,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan jiki yana ƙara kyau.

Yau ba ni da labari mai daɗi. Mun yi faɗa da Osmani, irin wanda ba mu taɓa yi ba.

Ranar Lahadi na je sito don gwaji, sai na tarar ya zo da wata mata. Sunanta Ramlat, 'yar Mombasa ce, tana koyar da yara kiɗa a wata makaranta. Ya ce wai ta riƙe mana ganguna kafin ka iso. Na zauna a fiyano muka fara. Ta zo da nata kayan, ba ta taɓa naka ba. Gaskiya ta iya, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma da ta tafi na ce masa wa ya ba shi izini. Ya ce, "Habibi, watanni nawa rabon da ka ji muryarsa? Mutumin da zai hau dandamali a Janairu, ko bidiyon sanda ɗaya bai turo ba." Na ce masa kai ka ce kana zuwa, kuma ban taɓa jin ka faɗi abin da ba ka yi ba. Ya ce shi ya tsufa, wannan dama ba za ta sake zuwa masa ba. Na ce in ba da kai ba, khalas, shi ke nan, a fasa. Ya ɗauki bes ɗinsa ya fita ko sallama babu.

Masu bikin suna jiran sunayen ƙarshe kafin watan nan ya ƙare, saboda takardar izinin wasa. Na riga na ba su naka. Abu ɗaya nake roƙo: ka turo min ɗan bidiyo, ko a kan bokiti ne kake kaɗawa, in nuna wa Osmani ya ji kunya.

Ƙaninka,
Abdulganiyyu

*

Kumasi
Nuwamba

Malam Abdulganiyyu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da fatan kana lafiya, kai da abokin aikinku da Kawu. Ni ce Hamamatu, matar yayanka. Bai san ina rubuta maka wannan ba, ya tafi asibiti wurin masu gashin ƙashi tare da ƙaninsa.

Ka gafarce ni, duk saƙonnin da kake samu daga gare shi ni nake buga su a waya. Shi yake faɗa, ni ina rubutawa. Ranar da na rubuta maka cewa hannu yana zuwa ƙanana ƙanana, ina rubutawa ne hawaye yana zuba min, na juya masa baya don kada ya gani.

Bayan ya dawo gida ciwon shanyewar ɓarin jikin ya sake buge shi a watan Yuli, kuma na biyun ya fi na farko. Hannun dama ba ya riƙe ko cokali. Bakinsa ya ɗan karkace, magana tana fita da ƙyar, ni da Nafisatu ne kawai muke gane ta sosai. Shi ya sa ba ya ɗaukar waya. Layin unguwarmu lafiyarsa ƙalau.

Da na karanta masa wasiƙarka ta ƙarshe, ya ce in kawo bokiti da sandunansa. Ya ce in ɗaure masa sanda ɗaya a hannun dama da ɗankwalina. Na ɗaure. Na riƙe waya ina ɗauka. Hannun hagu yana yin abinsa kamar da, na dama kuwa sandar jan ƙasa kawai take yi a kan bokitin. Ya gwada ya sake gwadawa har rigarsa ta jiƙe. Sai ya ce, "Goge." Na goge. Ranar bai ci abinci ba.

Likita ya ce da sannu ƙafa da baki za su gyaru in Allah Ya yarda, amma hannun kada mu sa rai da wuri.

Malam, ba ƙarya yake so ya yi maka ba. Duk unguwar nan kallon marar lafiya ake yi masa, ana zuwa ana yi masa sannu da murya ƙasa-ƙasa. A wurinka kaɗai ne har yanzu shi makaɗi ne da ake jira. Wannan yake riƙewa. Amma ba zan iya zama ina gani ku rasa abin da kuka sha wahala a kai ba, musamman dattijon nan Osmani. In kuka rasa saboda shi, in ya gane, wannan zai fi ciwon yi masa illa.

Ku ɗauki matar nan Ramlat. Yadda za ka faɗa masa kuwa, ban sani ba, kai ka san shi a wurin da ni ban san shi ba. In ya yi fushi da ni zan ɗauka.

Allah Ya saka maka da alheri.

Hamamatu

*

Al Khabaisi
Disamba

Yaya Mutaru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da mutanen gida.

Na daɗe ina juya yadda zan fara, na ga gara in faɗa kai tsaye. Na san abin da ya faru a Yuli. Kada ka ga laifin kowa. Da ni ne a kwance, na san har Kano za ka bi ka ji gaskiyar halin da nake ciki.

Na je Abu Hail na sami Osmani a ɗakinsa na ba shi haƙuri. Da na gaya masa, bai ce ai ya faɗa ba. Zama ya yi a bakin gado ya rufe fuska da hannu biyu. Can ya ce, "To a fasa." Shi da ya yi faɗa da ni don kada a fasa. Ni na ce masa a'a.

Na cire sunanka na sa na Ramlat kafin wa'adin ya cika. Da hannuna na yi, ba wanda ya sa ni. A jikin faifan za a rubuta cewa kai da ni muka ƙirƙiri "Lungun Naif", don haka abin yake. In ka ce ba za ka sake yi min magana ba, ba zan ce ka zalunce ni ba.

Amma akwai matsala, kuma ba lallashinka nake yi ba, ka san ban iya ba. Wurin juyin nan ya gagare mu. Ramlat ta saurari tsohon abin da muka naɗa a waya har ta haddace, tana buga kowane bugu daidai, amma in an zo juyin sai ka ji kamar an rufe ƙofa an buɗe wata. Osmani ya ƙirga mata da Sifaniyanci, ni na rera mata da baki, ba ta canza ba. Ni da na yi shekaru ina zaune kusa da kai, ashe ban san me kake yi ba, jin daɗinsa kawai nake yi. Ita da kanta ta ajiye sanduna ta ce, "Wannan mutumin akwai abin da yake yi da ba ya fitowa a waya. Ku tambaye shi, ko mu cire kiɗan."

Ga gwajin ranar Lahadi na turo. In ka ga dama ka saurara. In ba ka ce komai ba, za mu cire shi mu sa wani, don ba zan hau da shi a gurgunce ba.

Ƙaninka har kullum,
Abdulganiyyu

*

Kumasi
Disamba

Malam Abdulganiyyu,

Sallama. A taƙaice zan rubuta.

Ya yi fushi. Kwanaki bai yi min magana ba, abinci ma sai Nafisatu ta kai masa. Bai bari na buɗe abin da ka turo ba.

Shekaranjiya da hantsi ina wanki a tsakar gida, sai Nafisatu ta ɗauki wayata tana wasa, ta kunna shi. Yana zaune a ƙofar ɗaki. Na tashi zan karɓe, ya ɗaga min hannu. Ya saurara kansa a sunkuye. Da aka zo wani wuri sai ya buga cinyarsa ya ce, "A'a! Ba haka ba!" Malam, tun Yuli ban ji magana ta fita daga bakinsa tas kamar wannan ba. Har maƙwabciyarmu ta leƙo.

Ya sa an maimaita masa ya fi a ƙirga. Daga nan ya karɓe wayar, ya ce shi zai rubuta maka da kansa. Tun jiya yake abu ɗaya da yatsa ɗaya. Ka yi haƙuri da abin da zai zo.

Hamamatu

*

Ganiyu,

Salam. Ni ne. Da hagu.

Hannun ba zai zo Janairu ba. Wataƙila ba zai zo ba sam. Na faɗa.

Yarinyar ta iya. Ta fi ni tsabta. Amma tana neman juyin a hannu, ba a nan yake ba.

Kada ku cire kiɗan.

Ku kira ni Lahadi ta bidiyo. Zan ɗauka. Maganata ba kyau, ku yi haƙuri, Hamamatu za ta fassara. Ka ce wa Usmanu in ya yi kuka zan kashe wayar.

Ku yaye bargon, ta hau gangunana. Ka ajiye wayar a ƙasa, inda zan riƙa ganin ƙafarta ta hagu a kan fedar ganga.

Mutaru