Abin da Nasiru Ke Cajawa a Ɗakina

Bukan Sidi, Talata. Ƙafafuna sai a hankali.

Hauwa 'yata, ina gaisuwa. Ya maigidanki da yara?

Raina a ɓace yake. Kullum ɗanki Nasiru yakan biyo daga makaranta ya sa wani abu kamar biro a caji, ina ta murna na sami abokin hira. Jiya na kama shi yana zuƙarsa, hayaƙi mai ƙamshin mangwaro na fita ta hancinsa. Ashe taba ce ta lantarki! Yaro ɗan shekara goma sha uku! Wai, "Kaka, tururi ne kawai." Tarin da yake yi fa? Na jefa abin a masai.

Ki kira shi, ki sa mu a addu'a. Gai da kowa.

Tun la'asar nake jiransa, har magariba bai zo ba.