Kunnen Baba da Sabon Birki

Zuwa ga Gwaggona,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da Kawu da yara. Allah Ya ƙara miki sauƙin ciwon bayan nan. Mu nan da sauƙi. Auta ya fara tafiya, mu kuma jarrabawa ta matso.

Gwaggo, wata magana ce ta tsaya mini a rai, na rasa wanda zan faɗa wa sai ke. Makon jiya Baba ya ɗauko ni daga makaranta, muka biya garejin bakaniken nan amininsa, aka sa wa babur sabbin takalman birki. Bakaniken yana tsugune yana ɗaure noti ya ce sabon birki ba ya kamawa sosai sai ya saba da faifansa. Ya ce kwana biyu a riƙa tafiya a hankali, ana taɓa shi kaɗan-kaɗan ana saki, kada a danne shi a gangara, in ba haka ba zai yi zafi ya yi santsi. Baba ya gyaɗa kai yana murmushi. Na san murmushin nan, shi yake yi in bai ji ba, domin kunnensa na dama ya yi nauyi tun bara, kuma ba ya so a sani. Na buɗe baki zan maimaita masa, sai na ga maza cike da wurin, kunya ta rufe ni. A hanya ma na kasa.

Washegari ya ɗauki Inna da buhun gawayi, ya danne birki tun daga saman gangaren kasuwa. Kafin su kai ƙasa birkin ya ƙi kamawa, suka faɗa kwata. Allah Ya taƙaita, Inna ce kawai ta gurje gwiwar hannu. Amma Baba ya koma garejin, a gaban mutane ya ce jabu aka sa masa. Bakaniken dai cewa ya yi Allah Ya kiyaye gaba. Shekara ashirin suna zama benci ɗaya, yanzu ko gaisawa ba sa yi, har abokan Baba biyu sun daina kai wa bakaniken gyara.

An sa wani birkin a wani garejin. Kullum a hanyar makaranta nakan ja rigar Baba in ce tsoro nake ji, ya taɓa birki ya saki, can in sake ja. Yana dariya yana ce mini farar kura. Birkin dai ya fara kamawa, amma hakkin mutumin nan yana wuyana. An ce in kunne ya ji jiki ya tsira. To, nawa kunnen ya ji, na yi shiru.

Ran Asabar zan faɗa wa Baba komai, ta kunnen hagu. Don Allah ki kira shi da la'asar ranar. Ke ce yayarsa, in kika ce ya je ya ba mutumin nan haƙuri, zai je.

Ki gaishe mini da Kawu, da Yaya Babba, da 'Yar Lele.

Taki har kullum,
Takwararki.