Tafin Hannun Tabitha

Samaru, 4 ga Nuwamba, 2001

Zuwa ga 'yar'uwa Oluoma,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya, ke da maigida Ejike. Yaya kasuwa? Clara tana gaishe ki. Na ba Sati direba wannan takarda ya ajiye miki a shago, domin maganar ba ta tsakiyar kasuwa ba ce, kuma kin san ni, idan na buɗe baki magana takan watse mini.

Wataƙila kin ji abin da ya taso a Kulob ɗin Barewa. Shekari, wanda yake gudun mita ɗari a zamaninku, yana kwance, hanta ta kumbura. Da likita ya matsa masa da tambaya, sai ya tuna allurar da marigayi Koci Albert yake sa a yi muku kafin gasa, wadda kowa yake kira allurar bitamin. Matarsa ta nemo tsohon mai kemis ɗin, ya faɗa mata sunan maganin. Ashe ba bitamin ba ne, irin maganin ƙara kuzarin nan ne da aka hana 'yan wasa.

Shugaban kulob, Amaechi, ya ce ko a Turai ana muhawara a goge tsofaffin tarihin guje-guje na duniya a fara sabo, saboda irin wannan. Ya ce mu ma kafin tseren Kirsimeti a shafe bangon zauren kulob da farin fenti, duk wani suna na zamanin Koci Albert ya tafi. Za a zauna a yanke shawara ranar Lahadin farko ta Disamba.

Kin san al'adar bangon nan. Wanda ya kafa tarihi yakan tsoma hannu a fenti ya manna kusa da sunansa. Kowace shekara ana sabunta sunaye, amma ba a taɓa hannun. Na matata Tabitha yana nan tun 1984, mita ɗari huɗu na mata, shuɗi, ƙaramin yatsa ya ɗan karkace. Suna ana iya sake rubutawa. Hannun wadda ta shekara uku a ƙasa fa?

Na ɗauko littattafan da nake rubuta abin da ya faru kowace rana, na duba na shekarar. Ranar da ta ci, abin da na rubuta shi ne an yi yayyafi, kuma tayar kekena ta sace. Babu kalma ɗaya game da allura. Ko ban sani ba ne, ko na sani ban ɗauke shi abin rubutawa ba, na kasa rabewa.

Yara a makaranta sun fara kiran Clara 'yar mai allura. Ta daina zuwa horo, takalman gudunta suna ƙarƙashin gado.

Ke ce aminiyarta. Don Allah ki gaya mini gaskiya, ko da ba za ta yi mini daɗi ba: Tabitha ta karɓi allurar nan?

Ki huta lafiya.
Naki ɗan'uwa,
Japheth

Sabon Gari, 7 ga Nuwamba

Baban Clara, Malam Mai Littafi,

Na gaishe ka. Muna lafiya, kasuwa kuwa sai godiya, kowa taya kaya yake yi ya wuce. Ejike yana gaishe ka.

Wallahi ka ba ni dariya har mai shagon kusa da ni ta leƙo. Ka zauna da mace shekara goma sha uku ba ka san tana ganin allura take suma ba? Wa ya riƙe ta ranar da aka kai Clara rigakafi? Allurar ma ba ita za a yi wa ba, ta zube a benci.

Bari ka ji yadda ake yi. A zamanin nan ai iyayenmu ba su yarda da ƙwaya ba, magani sai allura. Babana har doya yake kai wa Koci don godiya, wai yana gina masa 'ya. Ranar allura akan kafa labule a bayan zaure. Koci ba ya shiga, tun da 'yan mata ne, yana can waje ya juya baya yana kiran sunaye. Mai kemis kuwa bai san fuskar kowa ba, shi ɗuwawu kawai yake gani. Idan an kira Oluoma, in shiga in ba da dama. Idan an kira Tabitha, ta miƙo mini ɗankwalinta in ɗaura, in koma in ba da hagu. Ita kuma ta saya mini ƙosai a hanyar gida. Haka muka yi shekara uku, ko sau ɗaya allura ba ta taɓa fatar matarka ba.

Kuma ka ga abin haushi? Da allura biyu a jikina ta bar ni a baya ranar nan, har ta waiwayo tana mini dariya. Ƙafa ce Allah ya ba ta.

Ka kwantar da hankalinka. Zan zo taron, in tashi in faɗa wa Amaechi a gaban kowa. Shi da ko akuya bai taɓa kora ba, shi ne zai shafe mana bango? Ka gaya wa 'yata ta kakkaɓe takalmanta.

Sai na ji daga gare ka.
Oluoma

Samaru, 12 ga Nuwamba, 2001

'Yar'uwa Oluoma,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta same ni a bakin ƙofar makarantar da nake aiki. Na karanta a tsaye. Allah ya saka miki. Na yi niyyar gaya wa Clara nan take, amma halina na sai na tabbatar ya hana ni.

Na yi tunanin idan za mu tsaya gaban kwamiti, ya kamata in san maganin sosai, kada Amaechi ya yi tambaya mu rasa amsa. Na je wurin wani masanin magunguna da muke coci ɗaya, na ba shi sunan. Ban ambaci kowa ba. Ya yi mini bayanin abin da yake yi wa maza. Sai na tambaye shi, mata fa? Da ma ban tambaya ba.

Na rubuta wannan wuri na yaga, na sake rubutawa na yaga. Ban san ko ina da ikon faɗa miki ba, amma na ga ba ni da ikon barin ki ki tashi gaban jama'a ba ki sani ba. Ya ce yarinyar da aka daɗe ana yi wa, musamman da yawa, muryarta kan yi kauri ba ta komawa, gashi kan fito mata a haɓa, al'adarta kan rikice. Ya ce wasu sukan sha wahalar samun haihuwa. Na tambaye shi ko tabbas ne. Ya ce babu mai iya rantsewa a kan mutum ɗaya, wata ta samu, wata ba ta samu ba.

Ba na cewa shi ne dalili. Ni ba likita ba ne, kwalabe nake wankewa a ɗakin gwaji. Amma idan ni na iya haɗa wannan da wancan, mutanen zauren ma za su haɗa, kuma Ejike zai kasance a wurin, tun da shi yake ba kulob fenti kyauta kowace shekara.

Idan na yi kuskure da na rubuto, ki yafe mini. Ban gaya wa Clara komai ba tukuna.

Allah ya riƙe ki.
Japheth

Samaru, 23 ga Nuwamba, 2001

'Yar'uwa, ina gaisuwa. Sati ya ce ya ba ki takardar hannu da hannu, kuma tun daga ranar shagonki a rufe yake. Na hau mota har Sabon Gari, na tsaya a bakin layinku, na juyo. Ko kalma ɗaya ki aiko, ko da zagi ne.

Japheth

Sabon Gari, 28 ga Nuwamba

Japheth,

Na gaishe ka. Ba zan zage ka ba.

Ka san sunan da 'yan dako suke kira na a kasuwa? Oga Madam. Ni ma dariya nake yi. A coci tun ina budurwa aka mayar da ni layin maza a ƙungiyar waƙa, na ce baiwa ce. Akwai ɗan hantsaki a jakata da nake cire gashin haɓa, ko Ejike bai taɓa ganinsa ba. Na ɗauka gado ne daga dangin babana.

Shekara goma sha shida da aure, babu haihuwa. Babu dutsen addu'ar da ba mu hau ba, babu azumin da ba mu yi ba. Uwarsa ta zo da yarinya daga gida don ya aura, har cikin falona, Ejike ya saka su a mota da kansa ya mayar da su tasha. Ya ce wa danginsa Allah ne ya rufe, kuma shi ba ya faɗa da Allah. Da wannan kalma ya tsare ni duk shekarun nan. Yanzu in tashi a gabansa in ce ba Allah ba ne, ni ce na shiga labule sau biyu saboda ƙosai?

Kwanakin nan na yi fushi da Tabitha, fushin da ban taɓa yi da ita ba tana da rai. Sai in tuna fuskarta idan ta ga mai kemis, yadda take riƙe mini hannu, sai fushin ya rasa wurin zama. Ba ta sani ba. Ni ma ban sani ba. Babana da ya kai doya ma bai sani ba.

Sauran 'yan matan da suka san dabararmu sun watse, wasu sun koma gida bayan rikicin bara. Ni kaɗai na rage.

Ga abin da na yanke. Zan zo ranar Lahadi, zan zauna kusa da mijina. Ni da kaina ba zan iya tashi ba. Amma idan ka kira sunana, zan tashi in faɗi duka. Na saba amsa kira a madadinta.

Ka gaishe mini da Clara.
Oluoma

Samaru, 9 ga Disamba, 2001

'Yar'uwa Oluoma,

Gaisuwa da fatan kin tashi lafiya. Kin ga abin da ya faru a taron, amma ba ki ga na jiya Asabar ba, kuma ina ganin hakkinki ne ki sani.

Da Amaechi ya ce, "Akwai mai shaidar da za ta ware wani daga cikin sunayen nan?" kowa ni ya kalla. Na miƙe da sunanki a bakina. Sai na ga Ejike yana yi miki fifita da takardar taro, bai ma san yana yi ba. Kin ji abin da na ce: "Ba ni da shaida." Amaechi ya ce, "To Malam Japheth, me ya tashe ka?" aka yi dariya, na zauna, aka yanke a shafe bangon. Har yanzu ban san ko daidai na yi ba. Na hana matata gaskiyarta a gaban mutanen da suka yi mata tafi. Amma an riga an kira ki sau da yawa a madadinta.

Jiya na je zauren kulob a Dogarawa da Clara. Ejike ya kawo fentin a bayan babur, ya kama hannuna ya ce, "Yi haƙuri, ɗan'uwana, ba don na riga na yi wa kulob alkawari ba, da na ce ya ƙare a shago." Mai fenti ya fara daga sama. Sunan Shekari ya tafi, da na wasu da na tabbata ba su san abin da aka zuba musu ba. Na tsaya ina tunanin a cikin hannuwan nan guda nawa ne irin na Tabitha, babu mai tashi ya faɗa. Fenti ba ya tambaya.

Da ya iso wurinta na ce ya dakata. Clara ta matsa ta ɗora hannunta a kan na uwarta. Na Clara ya fi girma, ya rufe shi duka. Ban san yaushe ta yi wannan girman ba. Ta daɗe a haka, sannan ta juyo ta ce, "Baba, ta sha ko ba ta sha ba?" Ejike yana tsaye a bayana. Na ce mata, "Ba ta sha ba." Ta ce, "To me ya sa ba ka faɗa ba?"

Na karɓi buroshin daga hannun mai fenti, domin ban so baƙo ya yi ba. Shuɗin yana da taurin kai, sai da na maimaita kafin ya ɓace. Ƙaramin yatsan ne ya tafi a ƙarshe.

Clara ba ta yi mini magana ba tun jiya. Na buɗe littafina in rubuta ranar, na rubuta kwanan wata, na rufe.

Takardunki suna wurina. Idan kina so in ƙona su, ki faɗa wa Sati kawai ki ce "e".

Allah ya ba mu haƙuri.
Naki ɗan'uwa,
Japheth

Sabon Gari, 11 ga Disamba

Baban Clara,

Na gaishe ka. Kada ka ƙona komai.

Ka turo mini yarinyar ranar Asabar, Ejike zai tafi Kano sarin kaya. Ta zo da takalmanta. Tambayar da ta yi maka ba taka ba ce, tawa ce, kuma da wannan muryar zan amsa mata.

Ejike kuwa, ban sani ba tukuna. Kada ka tambaye ni.

Ɗankwalin yana wurina har yanzu. Zan ba ta.

Oluoma