Fayafayan Garmahon Baba

Al Rigga, Dubai
4 ga Satumba

Assalamu alaikum Umma,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da mutanen gida. Na ba Hajiya Sabuwa wannan takarda tunda gobe za ta taso da kayanta. Maganar ba ta waya ba ce, kuka zai hana ni ƙarasawa.

Umma, Baba ya yi magana. Wata huɗu ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jikin nan ya kayar da shi na kawo shi nan, kullum gashin ƙashi da allura, ko sunana bai taɓa kira ba. Ranar Asabar na turo shi a keke daga asibiti, muka bi ta gaban shagon wani tsohon Ba'indiye mai sayar da tsofaffin kaya. Ya kunna garmaho, faifan yana ƙaras-ƙaras, wani mutumin Italiya yana rera waƙa kamar ana zare masa rai. Baba ya damƙe tayar keken da hannunsa mai lafiya. Hawaye ya jiƙa masa gemu, sai na ji ya ce, "A sake." Wallahi da kunnena na ji.

Washegari na koma, an riga an sayar da faifan. Na nemo irin waƙoƙin a waya sun fi ɗari, ko ɗaga ido bai yi ba. Likita ta ce wataƙila tsohon sautin nan kunnensa ya sani.

Don Allah ki ba Hajiya fayafayan da ke cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa, waɗanda Baturen da ya yi wa direba a aikin dam ya bar masa. Mai shagon ya yarda ya sa mana.

'Yarki,
Kamila

*

Gwammaja, Kano
10 ga Satumba

Wa alaikumus salam Kamila,

Na ga takardarki, na yi sujada. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya yi miki albarka.

Amma ke ma dai, mutum yana kwance sai a rasa abin sa masa a kunne sai kukan Bature? Shekara talatin ina shan wannan abu. Kowace Juma'a bayan la'asar Malam zai wanke hannu kamar mai shirin cin tuwo, ya goge faifai da farin ƙyalle, ya rufe ido. Ko kalma ɗaya ba ya ji a yarensu. Na tambaye shi me mutumin yake cewa, ya ce, "Ya rasa wani ne, ai ba sai an fassara ba." Maƙwabta har leƙowa suke su ji ko rasuwa aka yi.

Ga rubutu nan da man habbatus sauda. Ki dage da sa masa karatu. Maganar akwati kuma a bar ta tukuna, Hajiya kayanta sun yi yawa.

Ummanki

*

Al Rigga
16 ga Satumba

Umma, ina gaisuwa.

Karatu yana tashi a ɗakin nan safe da yamma, rubutun ma ya sha. Amma Hajiya ta ce jakarta rabi ta zo da ita, kuma ba ki ma nuna mata akwatin ba. Me kike ɓoye mini?

Asibiti sun ce khalas, sun yi iya yinsu, bizarsa kuma ƙarshen wata za ta ƙare. Idan ya sake nuna alamar magana za su rubuta takardar da za a ƙara masa wata uku na koyon furuci. Idan babu, gida. Ina dawowa daga kantin maganin da nake aiki in same shi yana kallon bango, ni kuma ba ni da abin da zan yi masa. Na gaji, Umma, kuma ina tsoro.

Kamila

*

Gwammaja
21 ga Satumba

Kamila,

Kunya ce ta hana ni faɗa. Ruwan watan jiya ya fasa rufin ɗakin Malam, akwatin ya cika da laka. Na ce kada ya dawo ya tarar da kayansa haka. Na wanke su ɗaya bayan ɗaya da omo, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na shanya su, yadda nake shanya kuɓewa. Na tafi barka unguwar su Uwa ƙanwata, ban dawo ba sai la'asar. Na tarar duk sun lanƙwashe kamar soyayyiyar awara. Goma sha ɗaya, Kamila. Wa ya taɓa gaya mini rana tana cin faifai?

Ga guda nan na naɗe a zanena, shi ne mai dama-dama, kuma shi ya fi sawa. Tun ranar nake jin waƙar a kaina ina tuƙa tuwo. Ashe na haddace ta ban sani ba. Kada ki gaya masa ni ce. Ko kuma ki gaya masa, ko faɗa ne ya yi mini in ji muryarsa.

Ummanki

*

Al Rigga
26 ga Satumba

Umma,

Mun kai faifan. Ya tashi, muryar tana rawa, amma Baba ya gane ta. Ya ɗaga hannu yana bin ta a hankali, leɓensa yana motsi. Daidai inda mutumin zai ɗaga murya sai allurar ta yi tsalle ta koma baya. Sau biyar mai shagon yana gwadawa. Baba bai ce komai ba, hannun dai yana sama har na kama shi na sauke.

Ba a ba mu takardar ba. Ranar Laraba za mu taso.

Ban gaya masa komai ba, kuma ban riƙe ki ba. Kin ce kin haddace ta. Ki fara tuno wajen da muryar take hawa, Umma, nan ya tsaya yana jira.

Sai mun zo,
Kamila