Ƙwannafin Tela

Litinin, 3 ga Maris

Ƙwannafin nan ya dawo. Ina gama cin abincin rana na koma kan keken ɗinki, sai wuta ta taso daga ciki har maƙogwaro. Shekara ashirin da uku maman yara na aiko mini da kwano shago, yau na koma gida na ce mata girkinta ne zai kashe ni. A gaban yara na faɗa. Ta dai kwashe kwanuka.

Laraba, 5 ga Maris

Abinci ya zo salam, ba yaji, ba mai, ba albasa. Na cinye don kada a ce. Ƙwannafi kuwa ko a jikinsa.

Alhamis, 6 ga Maris

Kowa likita ne a layinmu. Mai kemis ya ce asid ne ya yi yawa, ya ba ni wani farin magani mai ɗanɗanon alli. Mai aski ya rantse asid ɗin ne ya yi kaɗan, wai in matse lemon tsami a ruwan ɗumi in sha da sassafe. Na mai kemis yakan kwantar da shi awa biyu. Na mai aski kuwa, Allah dai ya yafe masa.

Lahadi, 9 ga Maris

Yayata ta zo gaisuwa, ita ma da nata. "Ɓacin rai ne, kana haɗiye magana." Na ce, Yaya, ai ni ba na haɗiye magana. Ta ce, "Haka na ji labari."

Maman yara ta daina zama mu ci tare. Ta ajiye mini, ta koma kicin. Wannan ya fi ƙwannafin ci mini rai, amma wa zan gaya wa?

Talata, 11 ga Maris

Yau ba kwano. Saƙo kawai, wai gara in saya a waje kada ta ɗauki alhakina. Na ci burodi da ruwa. Shi ma ya taso.

Asabar, 15 ga Maris

Tsohuwar nas ɗin nan mai kawo gyaran kaya ta same ni loma a baki, ƙafa a kan feda, ina dafe ƙirji. Na ba ta labari.

"Malam tela, ka ci ka ninke cikinka biyu kamar yadi, ina abincin zai je in ba sama ba?" Sai ta dubi ƙuguna. "Wannan wandon fa, awon wace shekara ne?"

Na yi dariya. Talatin da huɗu ne tun ina saurayi, a kai nake yanka wa kaina, ba na ma sa tef. Ni da kullum nake gaya wa mutane gaskiyar tumbinsu ko ba su so. Ta ce in ya wuce mako biyu in je asibiti, in daina bin mai aski.

Da ta fita na ɓalle maɓallin wandon. Wani jan shati na gani zagaye da cikina. Na ɗan zaga bakin shago kafin in zauna, har la'asar ƙwannafi bai taso ba. Ƙila dai dace ne.

Laraba, 19 ga Maris

Tela ba ya iya auna kansa, sai ya ja ciki. Shi ya sa kawai na kai tef gida, ba wani abu ba. Na miƙa wa maman yara, na ɗaga hannuwa.

"Saki numfashin, baban yara." Na saki. "Talatin da tara."

Na ce ta sake. Talatin da tara da rabi. Ta ciji leɓe don kada ta yi dariya, abin ya fi ƙarfinta. Tana riƙe da tef ɗin a ƙuguna ta ce, "To, har yanzu girkina ne?"

Na ce, "Wa ya kawo inci biyar ɗin, in ba shi ba?"

Da yamma ta ajiye abinci, sai na ji an jawo kujera kusa da ni. Ban ɗaga kai ba, na dai matsar da kwanon tsakiya.